Kogin da ke cikin teku da daminar Batsari da Safana

Idan ka tambayi manomin Batsari ko na Safana daga ina ruwan sama yake zuwa, zai nuna maka gabas. Gaskiyarsa kuwa, domin tun yana yaro can yake ganin hadari yana haɗuwa, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, kafin a kora awaki cikin gida ruwa ya sauko. Amma da za ka ce masa ya lura da iskar da ke kaɗa rigarsa da safe a watan Yuni, zai ce maka daga kudu maso yamma take busowa, tana da sanyi-sanyi da laima. To, mai karatu, hadarin ne ke tahowa daga gabas, iskar sama tana tura shi. Laimar da yake sha kuwa ya zama ruwa, yawancinta wannan iska ta ƙasa ce ke ɗauko ta daga tekun Atlantika, wanda bakinsa mafi kusa, wato wajen Legas, ya kai kusan kilomita 800 daga ƙasar Ruma.

Yawancin mutanen Runka da Wagini da ƙauyukan gefen dajin Rugu ba su taɓa ganin teku ba. Duk da haka, abin da tekun nan yake yi a watannin Mayu da Yuni da Yuli yana da hannu a kan ko rumbunansu za su cika gero.

Mu a nan mun ɗauka teku wani makeken tafki ne da ke kwance wuri guda. Alhali kuwa akwai koguna a cikinsa, masu gudu ba dare ba rana, ba su da gaɓar ƙasa sai ta ruwa. Wanda ya shafe mu shi ne wanda masana ke kira Kwararar Ruwan Gini. Yana bin bakin tekun Afirka ta Yamma daga yamma zuwa gabas: ya wuce Laberiya, da Kwaddebuwa, da Gana, da Togo, da Jamhuriyar Benin, har ya iso gaɓar Nijeriya. Ba shi da zurfi sosai. A kusa da gaɓa bai wuce 'yan mitoci ashirin na saman teku ba, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani ruwan mai komawa yamma. Da hunturu gudunsa yana lafawa. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa, daidai lokacin da mu muke duban sama muna jiran ruwan shuka, sai ya ƙara ƙarfi, har a gaban Kwaddebuwa an auna shi yana cin kusan mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Tafiyar mutum ce mai natsuwa, to amma fa ruwa ne mai faɗin kilomita da yawa yake wannan tafiya gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rafi bayan an yi ruwa mai ƙarfi ya ga abin da zan faɗa yanzu. Inda wani dutse ya kutso cikin rafin, ruwa yakan wuce shi da gudu, amma a bayan dutsen sai ka ga yana juyawa, kara da ganye da kumfa suna ta kewaya wuri ɗaya, wasu ma suna komawa baya. Iyaye sukan hana yara wanka a irin wannan wuri. Haka yake faruwa a teku, sai dai girman ba ɗaya ba. A hanyar Kwararar Gini akwai wurare biyu da ƙasa ta yi tsini ta shiga teku. Na farko shi ne tsinin Palmas, a kan iyakar Laberiya da Kwaddebuwa. Na biyu yana yammacin Gana, Turawa suna ce masa Cape Three Points, wato mai tsini uku. Idan kwararar ta wuce su, sai guguwar ruwa ta tashi a bayansu, tana juyawa saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya.

Wata masaniya 'yar Kwaddebuwa, Sandrine Djakouré, da abokan aikinta sun bi diddigin waɗannan guguwoyi da ma'aunin tauraron ɗan'adam da kuma lissafin kwamfuta, suka buga sakamakon a 2014. Sun tarar cewa kimanin guda biyu ke tashi a shekara a bayan tsinin ƙasar. Daga tsakiyar kowace zuwa gefenta kusan kilomita 60 ne, wato faɗinta kilomita 120 ke nan, za ta haɗiye Batsari da Safana da Dutsin-ma da birnin Katsina a lokaci guda. Takan yi kamar kwana 60 tana juyi, tana ɗan matsawa gabas, kafin ta mutu.

Abin da ya sa aka damu da su shi ne wani al'amari da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Kowace shekara daga Yuli zuwa Satumba, ruwan bakin tekun Kwaddebuwa da Gana yakan yi sanyi. Ruwan da a watan Afrilu ɗuminsa ke kai digiri 28 ko 29 sai ya sauko zuwa 23, wani lokaci ƙasa da haka. Dalili shi ne ruwan ƙasan teku, wanda rana ba ta taɓa shi, yana tasowa sama. Yana tahowa da abincin ƙananan halittu, su kuma kifaye su biyo, shi ya sa waɗannan watanni su ne kakar masuntan Gana, lokacin da kifin sardin ke cika kwale-kwale. Hausawan zangunan Akara da Takoradi sun san lokacin da araharsa a kasuwa.

To, me ke tayar da ruwan sanyin? A wasu gaɓoɓin duniya, kamar Senegal da Muritaniya, amsar a fili take: iska mai ƙarfi ce ke ture ruwan sama daga gaɓa, na ƙasa ya maye gurbinsa. A nan kuwa iskar ba ta kai ƙarfin da za ta yi aikin ita kaɗai ba. A shekarun 1970 wasu masanan Faransa da ke aiki a Abijan suka ce ai guguwoyin nan ne, tun da guguwa mai irin wannan juyi takan zuƙo ruwa daga ƙasa ta tsakiyarta. Magana ce mai shiga hankali, kuma an yi shekaru ana maimaita ta. Sai Djakouré da abokanta suka yi wata dabara da ba ta yiwuwa sai a kwamfuta: suka shafe tsinin ƙasar biyu, suka miƙar da gaɓar, don su ga abin da zai faru. Guguwoyin suka ɓace, amma ruwan sanyi bai fasa tasowa ba. Ashe ba su ba ne. Aikinsu na gaske shi ne tura ruwa baya zuwa yamma ta jikin gaɓa, kamar dai karan nan da ke komawa baya a bayan dutsen rafi. Ni a ganina wannan ya fi komai ban sha'awa a labarin, don ba kullum ake samun masani ya gwada maganar magabatansa ya dawo ya ce ba ta tsaya ba.

Amsar da ta fi ƙarfi yanzu tana komawa ga kwararar ita kanta. Juyin da duniya ke yi yana karkatar da duk abin da ke tafiya a arewacin tsakiyar duniya zuwa hannun dama. Ruwan da ya nufi gabas, damarsa kudu ce, wato cikin teku. Saboda haka idan kwararar ta ƙara gudu, ruwan ɗumi na sama yakan taru can nesa da gaɓa, ya bar ɗan siriri a bakin ƙasa, ruwan sanyi ya matso kusa da sama. A binciken da suka buga a 2017, masanan nan sun nuna cewa a gabashin Palmas gudun kwararar ne ke sa ta kasa shan kwana, ta rabu da gaɓa, ruwan ƙasa ya cike wurin. A gabashin tsinin Gana kuwa iska ce ta fi yin aikin. Akwai kuma hannun iskar da ke busawa can wajen Barazil, wadda motsinta ke ratso teku ta ƙarƙashi ya iso Afirka bayan makonni.

Wanda yake shakkar cewa sanyin ruwa yana hana ruwan sama, ya dubi Gana. Garin Axim, yamma kaɗan da tsinin nan, yana samun ruwan da ya kai milimita 2,000 a shekara. Akara, wadda ke gabas da tsinin, a bakin teku ɗaya, da ƙyar take kai 800, bai fi na ƙasar Katsina da wani abin kirki ba. Yadda gaɓar ta kwanta wa iska yana cikin dalili, sanyin ruwan da ke gabanta ma yana ciki. Iskar da ta kwanta a kan ruwa mai sanyi takan yi nauyi, ba ta tashi sama balle ta haɗa hadari.

Yanzu sai mu dawo gida. Ruwan bakin gaɓa ba shi kaɗai ke sanyi ba. Can kudu da shi, a kan layin tsakiyar duniya, wani yanki da ya fi shi girma nesa ba kusa ba yakan fara sanyi tun daga Mayu, masana suna ce masa harshen sanyi saboda siffarsa a taswira. A daidai lokacin kuma Hamadar Sahara tana tafasa. Iska kullum daga wuri mai sanyi take gudu zuwa wuri mai zafi, kuma gwargwadon bambancin, gwargwadon ƙarfinta. Da teku ya huce, hadari ya rasa wurin zama a kudu, sai damina ta yi tsalle. Masana biyu na Faransa, Sultan da Janicot, sun nuna a 2003 cewa tsakiyar ruwan yakan tashi daga wajen digiri 5 na arewa, wato bakin teku, ya koma wajen digiri 10 cikin 'yan kwanaki, kuma matsakaiciyar ranar wannan ƙaura ita ce 24 ga Yuni, ko da yake takan yi gaba ko baya da kamar mako guda. Batsari da Safana suna tsakanin digiri 12 da 13, saboda haka sai bayan ƙaurar nan suke shiga damina sosai. Direbobin da ke kai shanu Legas sun san sauran labarin: a watan Agusta, lokacin da marka ta hana mu shanya, can ruwa ya ɗauke, gari ya yi sanyi da lumshi.

Kada mai karatu ya ɗauki 24 ga Yuni a matsayin ranar shuka. Ruwan farko yakan faɗi a ƙasar Ruma tun kafin nan, kuma a nan haɗarin yake. Wanda ya yi binne, ko ya bi ruwan ƙarshen Mayu ya zuba irinsa duka, yana caca ne da tekun da bai gama hucewa ba. In aka yi kwana goma sha biyar ba ɗigo, tsiron ya ƙone, sai a sake neman iri. A da wannan asara ce da ake iya jurewa. Amma tun daga shekarun 2010, da 'yan bindiga suka raba mutane da yawa na gefen Rugu da gonakinsu na nesa, iyalin da suka dogara da 'yar gonar bayan gari ba su da irin da za su zubar sau biyu.

Shekarar da teku ya ƙi hucewa kuwa, dattawa sun san ta ko da ba su san dalilinta ba. A 1968 ruwan tekun Gini ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, ruwan sama ya yi ta zuba a ƙasashen gaɓa, arewa ta bushe, daga nan aka shiga jerin shekarun da suka kai ga farin 1973. A 1984 aka sake samun irin wannan ɗumi, shekarar kuma tana cikin mafi muni da aka taɓa aunawa a yankin Sahel. A tsakanin nan an ɗora wa talaka laifi. Wani babban masanin Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa ƙasar da kiwo ya cinye ciyawarta takan kore ruwan sama, mutane da yawa kuma suka ɗauki maganar suka ce makiyayi da mai saran itace su suka jawo fari. Sai a 1986 masanan hukumar yanayi ta Ingila suka nuna alaƙar farin da ɗumin tekuna, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka gwada cewa da ɗumin tekuna kaɗai ana iya fitar da yawancin tarihin farin a kwamfuta. Wannan bai wanke mai gatari ba, domin wanda ya ga yadda Rugu ya sirance ya san abin da zaizaya da iska suka yi wa ƙasar. Kuma tekun Gini ba shi kaɗai ke da magana ba, tekun Fasifik da na Indiya da Bahar Rum duk suna sa baki, har wata shekara su rinjaye shi.

Saboda haka ne ake sa wa tekun ido. Tun 1997 ƙasashen Barazil da Faransa da Amurka suka haɗa kai a wani shiri mai suna PIRATA, suka girke na'urori masu iyo a tsakiyar Atlantika, an ɗaure kowace da igiya har ƙasan teku. Akwai ɗaya a kudu da Akara, daidai kan layin tsakiyar duniya. Suna auna iska da ɗumin ruwa daga sama zuwa zurfin ɗaruruwan mitoci, suna aikawa ta tauraron ɗan'adam. Irin waɗannan alƙaluma na ɗumin teku suna cikin abin da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke dubawa kafin su fitar da hasashen damina, kamar yadda ake yi duk shekara tun 1998, haka ma hukumar NiMet ta Nijeriya, wadda a farkon shekara take faɗin lokacin da ake sa ran saukar damina da ɗaukewarta a kowane yanki. Hasashen ba ya faɗin ranar da hadari zai tsaya a kan gonar wane, amma yana iya cewa bana a yi hattara da ruwan farko, ko a nemi iri mai saurin nuna. Matsalar ita ce sau da yawa labarin yakan tsaya a Abuja da Katsina, bai kai ga mai fartanya a Runka ba sai bayan ya riga ya shuka.

Su ma na'urorin suna da tasu matsalar. Kifi yana son taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke iyo a teku, jiragen kamun kifi kuma suna bin kifin. Sau da yawa idan jirgin masu bincike ya je duba na'urorin tekun Gini a zagayensa na shekara, yakan tarar an lalata ma'aunan, ko raga ta naɗe igiyar, wani lokaci ma na'urar ta tsinke ta bi ruwa.