Buhari da 'Yar'aduwa a Zaɓen 2007: Yadda Ake Auna 'Yan Takara Biyu 'Yan Gida Ɗaya

Zaɓen shugaban ƙasa da aka gudanar a Nijeriya ranar 21 ga Afrilu 2007 ya bambanta da waɗanda suka gabace shi ta wata fuska mai muhimmanci, domin manyan 'yan takara biyu da suka fi samun ƙuri'a, wato Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa na jam'iyyar PDP mai alamar lema da Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar ANPP mai alamar masara, duk Musulmi ne, duk 'yan Jihar Katsina ne, kuma kowannensu ya yi suna da rashin kwaɗayin dukiyar jama'a. Wannan ya sa ma'aunan da aka saba ɗauka a lokacin zaɓe, wato yanki da ƙabila da addini, suka rasa amfani a tsakaninsu, ya zama tilas mai jefa ƙuri'a ya nemi wani abin da zai dogara da shi. A Samaru da Sabon Garin Zariya al'amarin ya fi kusa da gida, saboda kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 Katsina da Daura da Zazzau duk suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna ne, kuma ɗaya daga cikin mutanen biyu a Samaru ya yi karatunsa na jami'a.

An haifi Umaru Musa 'Yar'aduwa a birnin Katsina a 1951 a gidan sarauta da siyasa, domin mahaifinsa, Matawallen Katsina Musa 'Yar'aduwa, ya riƙe muƙamin ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko, yayansa kuwa, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, shi ne mutum na biyu a gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo daga 1976 zuwa 1979. Umaru ya kammala digirin farko a fannin koyarwa da ilimin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, ya ƙara da digiri na biyu a nazarin sinadarai, ya kuma koyar a wata kwalejin kimiyya da fasaha a Zariya kafin ya koma Katsina. Samaru ta wancan zamani cibiya ce ta ra'ayin sauyi, inda malamai irin su masanin tarihi Yusufu Bala Usman suke tarbiyyar ɗalibai a kan aƙidar ceto talaka, kuma wannan iska ta kaɗa Umaru har ya shiga jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano a daidai lokacin da mahaifinsa yake jigo a jam'iyyar NPN. Ya nemi gwamnan Katsina a 1991 a ƙarƙashin jam'iyyar SDP ya sha kaye a hannun Sa'idu Barda, ya sake nema a 1999 ya ci, ya bayyana kadarorinsa a bainar jama'a, ya kuma shafe shekara takwas yana gina makarantu tare da tsuke bakin aljihun gwamnati.

Hanyar Muhammadu Buhari ta bi ta bariki ne. An haife shi a Daura a 1942, ya shiga aikin soja yana matashi, ya yi yaƙin basasa, ya zama gwamnan Jihar Arewa maso Gabas a 1975, sannan kwamishinan man fetur na tarayya. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari suka ɗora shi a kan mulki, inda ya zauna har zuwa 27 ga Agusta 1985 da Janar Ibrahim Babangida ya ture shi. Abin da jama'a suka fi tunawa da shi a wannan ɗan lokaci shi ne shirin yaƙi da rashin ɗa'a, wanda ya tilasta bin layi da tsabtace muhalli da zuwa aiki a kan kari, da kuma ɗaure 'yan siyasa masu yawa bisa zargin almundahana. Amma a wannan mulki ne aka kafa Doka ta 2 mai ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, da Doka ta 4 ta 1984 wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Farin jininsa a Arewa ya ƙara bunƙasa ne a zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da ya shugabanci asusun rarar man fetur da aka fi sani da PTF, wanda ya gyara hanyoyi ya kai magunguna asibitoci da kayan karatu makarantu, har talaka ya ga aikin gwamnati da idonsa, kuma gani ya kori ji.

Idan aka jera waɗannan tarihohi biyu za a ga cewa tambayar da aka fi yi a majalisun masu shayi da tashoshin mota, wato wane ne mai gaskiya a cikinsu, ba ta isa ta raba gardama ba, tunda ba a taɓa kama ko ɗayansu da sata ba. Inda suka rabu da gaske shi ne yadda kowanne ya fahimci iko. Buhari ya taso cikin tsarin da ake ba da umarni a bi, ya yi imani cewa cutar Nijeriya ita ce rashin ɗa'a da cin hanci, maganinta kuma shugaba mai tsauri wanda ba ya tsoron kowa. 'Yar'aduwa ya taso cikin aji da ɗakin gwaje-gwaje da tarurrukan jam'iyya, ya fi yawan maganar bin doka da oda, wato tsarin da shugaba da talaka suke ƙarƙashin doka ɗaya, kuma hukuncin kotu yake hawa kan gwamnati ko da ba ta so. Masu sukarsa suna ganin wannan sanyin hali ne, masu sukar Buhari kuma suna ganin tsaurinsa ragowar mulkin kama-karya ne da bai wanke daga jikinsa ba.

Bambanci na biyu, wanda a Arewa ya fi na farko nauyi, shi ne hanyar da kowanne ya sami tutar takara. Bayan Majalisar Dattawa ta yi watsi da yunƙurin tazarcen Shugaba Obasanjo karo na uku a watan Mayu 2006, shi Obasanjon ne ya tsamo gwamnan Katsina, wanda ba a san shi sosai a wajen jiharsa ba, ya share masa fage har ya ci zaɓen fid da gwani na PDP a watan Disamba na shekarar, aka haɗa shi da gwamnan Bayelsa Goodluck Jonathan a matsayin mataimaki. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wanda aka ɗora ba zai iya saɓa wa ubangidansa ba, kuma rashin lafiyar Umaru, wadda ta sa aka garzaya da shi Jamus a watan Maris 2007 ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, ta ƙara wa wannan zato ƙarfi. Buhari kuwa ba shi da gwamnoni masu yawa ko kuɗi masu yawa, abin da yake da shi shi ne talakawa, waɗanda suke kiransa Mai Gaskiya, suke kuma yaɗa kiran a kasa, a tsare, a raka, ma'ana a jefa ƙuri'a, a tsaya a rumfar zaɓe har a ƙirga, sannan a bi akwati har inda ake tattara sakamako. Rauninsa shi ne goyon bayansa bai tsallaka Kudu sosai ba, alhali tsarin mulkin 1999 ya shar'anta cewa wanda zai ci sai ya sami ƙuri'u mafi yawa tare da kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Mazauna Sabon Gari, unguwar da ta girma a gefen layin dogo tun farkon ƙarni na ashirin ta tara Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Kaduna tare da Hausawa, sun fi kowa sanin cewa shugaban da wani ɓangare yake ƙauna matuƙa yana iya zama wanda maƙwabci yake ɗari-ɗari da shi.

Abin takaici shi ne duk wannan aune-aune da jama'a suka yi bai sami sikeli na gaskiya da za a ɗora shi a kai ba. Kwana biyar kafin zaɓe Kotun Ƙoli ta umarci a mayar da sunan Atiku Abubakar na jam'iyyar AC cikin 'yan takara, aka sake buga takardun ƙuri'a cikin gaggawa ba tare da jerin lambobin da ake bin diddiginsu da su ba, kayan zaɓe suka makara ko suka ƙi zuwa a wurare da dama, kuma aka sami rahotannin satar akwati da aringizon ƙuri'u. Hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Maurice Iwu ta bayyana cewa 'Yar'aduwa ya sami ƙuri'a miliyan 24.6, Buhari miliyan 6.6, Atiku miliyan 2.6, amma masu sa ido na Tarayyar Turai da na cikin gida sun ce zaɓen ya gaza cika ƙa'idojin da ake buƙata. Buhari ya garzaya kotu, ya ƙi shiga gwamnatin haɗin kan ƙasa da 'Yar'aduwa ya kafa duk da cewa jam'iyyarsa ta shiga, kuma ranar 12 ga Disamba 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku. Alƙalan da suka saɓa, George Oguntade da Aloma Mukhtar da Walter Onnoghen, sun ga cewa rashin lambobi a jikin takardun ƙuri'a ya isa a soke zaɓen.

Tarihi ya yi wa masu nazari wata alfarma da ba kasafai ake samu ba, domin mutanen biyu duk sun yi mulki, ana iya gwada zaton da aka yi musu da abin da suka aikata. 'Yar'aduwa ya amsa a jawabinsa na rantsuwa ranar 29 ga Mayu 2007 cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya sake bayyana kadarorinsa, ya saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da gwamnatin da ta gabata ta riƙe, a zamaninsa aka warware cinikin matatun mai na Kaduna da Fatakwal, ya rage farashin fetur, sannan a 2009 ya yi wa tsagerun Neja Dalta afuwa, abin da ya dawo da haƙar mai. Waɗannan sun nuna cewa zaton zai zama ɗan amshin shatan Obasanjo kuskure ne. Sai dai alkawarin wutar lantarki bai cika ba, cire Nuhu Ribadu daga shugabancin hukumar EFCC ya raunana yaƙi da cin hanci, kuma a zamaninsa ne aka kashe shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda a watan Yuli 2009, kisan da ya rura wutar ƙungiyar. Fargabar da aka yi game da lafiyarsa kuwa ta tabbata: ya tafi Jidda jinya a watan Nuwamba 2009 ba tare da ya miƙa mulki ba, ƙasa ta zauna cikin ruɗani wata da watanni, ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010.

Buhari ya ci zaɓe a takararsa ta huɗu a 2015, ya yi shekara takwas. An buɗe jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a 2016, an zuba kuɗi a noman shinkafa, an ƙwato garuruwa daga hannun Boko Haram, kuma bai fita daga mulki da zargin tara wa kansa dukiya ba. Amma gaskiyar mutum ɗaya ba ta hana na kusa da shi ɓarna ba, tattalin arziki ya durƙushe a 2016 da 2020, 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina da Kaduna, kuma ɗaliban Samaru sun zauna a gida wata takwas a 2022 saboda yajin aikin malaman jami'o'i. A cikin Zariya ne aka yi rikicin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a watan Disamba 2015, wanda hukumar binciken da Jihar Kaduna ta kafa ta tabbatar ya ci rayuka fiye da ɗari uku, kuma gwamnati ta ci gaba da tsare malamin, haka ma tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bayan kotuna sun ba da umarnin a sake su. Wanda ya karanta dokokin 1984 da idon basira ba zai yi mamakin wannan ba. Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a Daura.

Hukuncin da za a iya yankewa shi ne halin da kowannensu ya nuna game da doka kafin 2007 ya fi kirarin magoya baya faɗin gaskiya a kan irin mulkin da zai yi, kuma ta wannan fuska 'Yar'aduwa ya fi, ko da yake hanyar da ta kai shi fadar shugaban ƙasa ba ta da tsabta. Shi ne ya kafa kwamitin gyaran tsarin zaɓe a watan Agusta 2007 a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, haifaffen Zariya, kuma daga cikin wakilan kwamitin aka sami Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓen da ta bayyana nasarar Buhari a 2015. Rahoton da kwamitin ya miƙa a watan Disamba 2008 ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu maguɗi, a kammala shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, sannan a karɓe ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa, a bar wa Majalisar Ƙoli ta Alƙalai aikin tantance wanda ya dace. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta ƙi wannan shawara ta ƙarshe, Buhari bai aiwatar da ita ba a shekarunsa takwas, kuma har yau shugaban ƙasa mai ci ne yake naɗa wanda zai ƙirga ƙuri'un Samaru da Sabon Gari.