Rabuwa a Bakin Mawaƙi, Rabuwa a Zauren Waliyyi

A shagunan cajin waya na Birnin Kudu, da rumfunan masu tura waƙoƙi a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, waƙar begen masoyi ta daɗe tana cin kasuwa: Umar M. Shareef, Nura M. Inuwa, da Hamisu Breaker, wanda “Jaruma” ɗinsa ta karaɗe Arewa a 2020. Masoyin cikin irin waɗannan waƙoƙi ba barci, ba cin abinci, kullum zuciya na ciwo.

Sai ga TikTok ya zo da wani salo: a rabu da saurayi da hantsi, da la'asar a ci kwalliya a taka rawa, wai an wuce wurin. Fitacciya a wannan layi ita ce “Flowers” ta Miley Cyrus, 'yar Amurka, waƙar da ta fito a Janairun 2023, ta kuma ci kyautar Grammy a 2024.

Kiɗan da daɗi, ba musu. Sai dai inda aka rera ta, rabuwa ta mutum biyu ce. A nan kuwa, muddin magana ta je gaban manya, an kai kuɗin gaisuwa, an raba goro da alawa, to fasawa aiki ce. Waliyyai za su zauna, gwaggonni su buɗe akwatunan lefe a ƙirga atamfa turmi-turmi, wadda aka riga aka kai wa tela ta zama abin cacar baki. In an ɗaura aure, ga idda, ga mayar da sadaki gaban alƙali in hul'i ne, ga tambayar wa zai riƙe yara.

Amma kada a ɗauka matan Hausawa sai yau suka iya share hawaye da kiɗa. Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta shekara da shekaru tana amada, ƙwarya kife cikin ruwa ana dukanta, mata zalla a tsakar gida. Ita maganinta ba mantuwa ba ne, sana'a ce. Haka Rabi ta littafin Balaraba Ramat Yakubu, “Alhaki Kuykuyo Ne” na 1990: miji ya kore ta da tarin 'ya'ya, ta tsaya da ƙafarta da sayar da abinci. Ko auren zawarawan da Hisbar Kano ta fara a 2012 bai tsaya ga gado da katifa ba, sai da aka haɗa wa amaren da ɗan jari.