Motar tsere da motar cefane: abin da rairayin Ajekoriya ke faɗi

Tun zamanin da tseren Paris-Dakar yake ratsa ƙasarmu, ƙananan motoci masu zafin gudu suka shiga ran samarin ƴan kasuwa da na ma'aikata. Amma kafin mutum ya zube ajiyarsa ta shekaru a hannun dillali, ya kamata ya san ko motar da ya gani tana cin tsere ita ce wadda za a miƙa masa makullinta.

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ne ya faɗo mini a rai wata ranar kasuwa a Ajekoriya, cikin gundumar Dakoro, inda na tarar da jama'a sun kewaye wata ƴar ƙaramar mota ja, mai ƙofa biyu da faffaɗan taya, wadda ta kafe cikin rairayi ko zira'i ɗari ba ta yi ba daga babbar hanyar da ta taso daga Tibiri. Mai ita wani matashin ma'aikaci ne da aka turo aiki ƙauye. Yana taka totur, injin yana kuka, tayoyin gaba suna ta haƙa wa kansu rami, har cikin motar ya kwanta a ƙasa kamar raƙumin da ya ƙi tashi. Wani dattijo mai amalanken shanu ya tsaya ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce: "Ɗana, kashe ta hakanan, kana ƙara binne ta ne." Saurayin ya amsa: "Baba, irin wannan fa ita ke cin tsere a ƙasar Turawa." Dattijon bai yi gardama ba. Ya kwance bijimansa guda biyu, ya nemi igiya.

Saurayin bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labari ya sani. Ragowar rabin kuwa mu ƴan Nijar mun fi kowa damar saninsa, domin a kan ƙasarmu aka yi shi.

An buɗe tseren Paris-Dakar na farko ranar 26 ga Disamba 1978, bisa jagorancin Bafaranshen nan Thierry Sabine, wanda ya taɓa ɓata cikin hamada a kan babur a 1977. Shekara da shekaru ayarin yana bi ta Arlit, Dirku, Agadas, Tawa da Yamai, har mutanen Agadas suka riƙa lissafin cinikin watan Janairu da zuwansa. A farkon al'amari masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi yawa a ciki: wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shiga da Renault 4 da suka gyara da hannunsu, suka zo na uku a 1980, suka kuma ci tseren a 1982 da Renault 20. Abin ya sake kama ne a 1987, lokacin da kamfanin Peugeot ya shigo da wata rawayar mota mai lamba 205, Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan yana riƙe da sitiyari. Ya yi haɗari tun a gwajin farko kusa da Paris, ya tashi daga can ƙarshen layi, amma shi ya isa Dakar da kofi. A 1988 an sace motar Vatanen a Bamako, ɗan ƙasarsu Juha Kankkunen ya ci da wata 205 ɗin. Daga nan sunan ya zauna a bakin yara da manya.

Suna ɗaya, halitta biyu

To, mai karatu, a nan gizo ke saƙar. A wancan zamani Peugeot tana sayar da wata 205 mai zafi da ake kira GTI, wadda ta fito a 1984 da inji mai lita 1,6 da ƙarfin doki 105, aka kuma ƙaro mai lita 1,9 da doki 130 a 1986. Nauyinta bai kai tan guda ba, tana kuma iya taɓa kilomita 200 a awa. Injinta a gaba yake, tayoyin gaba kaɗai ke ja, kamar kowace 205 ta malamin lakwal. Ita kuwa wadda ta ƙetare Tenere, sunanta 205 Turbo 16, kuma in ka ɗebe fitilu da gilashin gaba da siffar jiki, kusan babu abin da ya haɗa su. An ɗauke kujerun baya an dasa injin a gurbinsu, tayoyi huɗu duka suna ja, ƙarfinta ya haura doki 300. Dokar tseren duniya ta lokacin ta ce sai kamfani ya ƙera guda 200 na sayarwa kafin a yarda masa ya shiga, saboda haka guda 200 ɗin aka yi domin cika sharaɗi. Da ita Peugeot ta ci kambin duniya a 1985 da 1986. Da aka haramta wannan rukunin motoci bayan mutuwar Henri Toivonen a tsibirin Kors cikin Mayun 1986, sai kamfanin ya ƙara mata tsawo, ya saka mata tankuna masu cin kimanin lita 400, ya turo ta hamada.

Akwai kuma abin da hoton jarida ba ya nunawa. Bayan kowace motar tsere akwai kamiyo-kamiyo cike da kayan gyara, akwai jirgin sama mai ɗauke da makanikai. Direba na barci a zango, su suna kwance motar, suna canza duk abin da ya gaji tun bai karye ba. Motar da ake sabunta wa ƙafafu kowane dare ba ta da abin da za ta gaya wa ma'aikacin da zai jira ƙarshen wata kafin ya sayi amortisar guda. Dokin sukuwa ne, mai barga da mai yi masa ciyawa. Wanda ya saye shi da niyyar kai buhun gero kasuwa ya san abin da ya taro.

Abin bai canza ba sai dai sunaye. Tseren Dakar ya bar Afirka bayan da aka soke na 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020. Hilux ɗin da Nasser Al-Attiyah ya ci tseren da ita a 2019, 2022 da 2023 ƙashin bututun ƙarfe ce aka lulluɓe da rigar Hilux. Ba ƴar'uwar wadda ke jigilar awaki daga Sakabal ba ce sai a suna. Haka Yaris ɗin da ta kwashe matsayi na ɗaya har na huɗu a tseren Safari na Kenya a 2022 da 2023. Ko GR Yaris ta sayarwa, wadda ta fito a 2020 da doki 261 da taya huɗu masu ja, nesa take da ƴar Yaris mai doki 70 zuwa 90 da ake shigo mana da ita okaziyo.

Abin da hanyarmu ke tambaya

Mu koma Ajekoriya. Duk abin da ya sa ƙaramar mota mai zafi ta yi daɗin tuƙi a kan gudron mai santsi, shi ne ke zame mata ciwo da zarar ta sauka. An rage mata tsayi domin kada ta yi tangaɗi a kwana. A hanyar ƙauye kuwa, inda kamiyo da amalanke suka tona ramuka biyu suka bar tudu a tsakiya, cikinta ne ke fara taɓa ƙasa, kuma abin da ke can ƙasa shi ne kaskon man inji. An ba ta taya mai gajeren gefe a kan janti na alminiyom domin ta kama hanya. Mai tafiya cikin rairayi kuwa dabararsa ita ce ya rage iska, tayar ta baje, kuma taya mai gajeren gefe ba ta da inda za ta baje, sai dai jantin ya fashe a ramin farko. An tsaurara mata ƙafafu. A kan gargada wannan tsauri duka ne ga mota da mai ita. Ita 205 ma tana da wani lahani da makanikai suka sani: ƴan ƙwayoyin da ke cikin gatarin baya, in ƙura da ruwa suka shige su, sai ka ga tayoyin baya sun karkace ciki kamar ƙafar gwame.

Sai maganar isansi, wadda ita ce ta fi cin mutane. Injin GTI ba karbureta gare shi ba, allurai ne masu fesa mai bisa umurnin wata ƴar na'ura, kuma an gina shi ne domin mai mai kyau, tatacce. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, amma wanda ya bar manyan garuruwa ya san cewa sau da yawa kwalbar ruwa-ruwa ta bakin hanya ita ce gidan mansa, da ƙurarta da ɗan ruwan da ya kwanta a gindinta. Karbureta in ta toshe, yaron gareji zai kwance ta a ƙarƙashin bedi, ya busa, ya mayar. Allura in ta toshe, ko na'urar ta rikice, sai a nemi wanda zai ja mota zuwa Maraɗi, wata sa'a ma sai an aika Kano ko Katsina neman kayan. Injin alminiyom kuma ba ya yafe zafi: radiyeta ta cika da ƙaiƙayi cikin watan Afrilu, allurar zafi ta hau, direba bai lura ba, kan inji ya lanƙwashe.

Ƴan kasuwa sun san sauran lissafin. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994 suna tune da yadda kuɗin kayan gyaran Faransa ya ninka cikin dare ɗaya. A 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, aka kuma rufe iyakar Benin, wadda ta nan ne motocin tashar Kwatano suke shigowa. Duk lokacin da irin haka ta faru, motar da kayanta ke zube a kowace kasuwa ita ke ci gaba da tafiya, mai kayan nema kuwa ta koma kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na ƙwai a cikinta.

Kada a ce na yi mata rashin adalci. Ga wanda aikinsa tsakanin Maraɗi da Yamai yake, ko Maraɗi da Damagaram, a kan hanya mai lamba ɗaya, ƙaramar mota mai ƙarfi tana da hujjarta. Tana wuce dogon kamiyo cikin ƙiftawar ido, wanda ya fi aminci bisa ga mota mai nawa da za ta daɗe a hannun da ba nata ba. Birkinta ya fi na talakawan motoci, ba ta kuma shan mai kamar katkat. Amma ko a can, kilomita 200 ɗin nan a takarda za ta tsaya, domin kowane gari da tuddansa na rage gudu, kowane daji da jakinsa. Su kansu ƴan tsere, da hanya a buɗe da jandarmomi a gefe, sun bar makoki a ƙauyuka: a 1988 motar tsere ta kashe yarinya ƴar shekara 10 a Kita ta ƙasar Mali. Garuruwanmu na bakin hanya, inda ranar kasuwa tabarmar mai tumatir ke taɓa gefen titi, ba filin gwada inji ba ne.

Inda tsere ya faɗi gaskiya

Da akwai zamanin da tsere yake shaidar gaskiya ga mai saye, kuma iyayenmu sun ci moriyarsa. Peugeot 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968. 504 ta ci a 1975. Waɗannan motoci kusan yadda ake sayar da su haka aka shiga da su: inji na baƙin ƙarfe, ja daga baya, ƙafafu masu dogon numfashi. Shi ya sa da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa 504 a 1975, babu tashar da ba ta cika da ita ba daga Ƙonni har Diffa, kuma ita ce ta yi shekaru tana ɗaukar mutum tara da kayansu a hanyar Dakoro.

Ko cikin ƙananan masu zafi akwai guda da ta ba da mamaki. A 1989 Alain Oreille ya ci tseren ƙasar Kodibuwa, wanda ke cikin lissafin gasar duniya, da Renault 5 GT Turbo ta rukunin motocin da ba a yarda a sake musu halitta ba. Wannan tsere ne mai cin motoci. A 1972 ko mota guda ba ta kai ƙarshensa ba. Oreille bai fi kowa ƙarfi ba, lallaɓa motarsa ya yi har sauran suka zube. Abin da doka ta yarda a ƙara mata shi ne irin su faranti a ƙarƙashin inji, amortisar masu jure duka, da taya mai kauri. A ganina wannan kaɗai ne gadon da mai mota a Dakoro zai karɓa daga wajen ƴan tsere, kuma duk maƙerin Maraɗi ya iya yanka farantin ƙarfe ya ɗaure shi da kusoshi huɗu. In an haɗa da ƙaramin janti na ƙarfe mai doguwar taya, da matatar mai ta biyu, da busa matatar iska kowane mako a lokacin hunturu, ƙaramar mota mai sauƙin inji irin su Starlet ko tsohuwar Corolla za ta kai mutum wurare da dama da mai doki 130 ba za ta leƙa ba.

Bijiman dattijon nan dai sun fitar da jar motar a ja na biyu, ta bar dogon layin baƙin mai a kan rairayi. Saurayin ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi yana kaɗe gwiwa, ya tambayi inda ake samun mota mai zuwa Maraɗi. Aka nuna masa wata tsohuwar bashe da ke lodin buhunan wake a gindin gawo, direbanta ya ce sai bayan la'asar.