Ku Bar Wa Tankin Mai Hanyar Shan Iska

Manoman Kademi da kewaye, in ƙungiyarku ta sa an ƙara wa a-kori-kura tanki don kwaso amfani daga ƙauyukan Gaya da Ajingi, to ku duba ko mai walda ya bar masa hanyar iska.

Ga dalili. Duk litar man da inji ya zuƙa, dole iska ta shiga ta maye gurbinta. In hanyar ta toshe, mai zai daina sauka, mota ta mutu a tsakiyar yashi da buhuna a kanta. Alamar ita ce ka buɗe murfi ka ji "fuus", ka tayar ta tashi. Da zafin bazara kuma tururin fetur kan kumbura tanki har ya yi yoyo.

Ku sa bakanike ya ja siririn tiyo daga saman tanki, ya ɗaga shi sama, bakinsa na kallon ƙasa, nesa da salansa. A sa masa ƙaramar matata saboda ƙura, da bawul mai rufewa in mota ta kife. Zanzaro ma kan toshe shi da laka, don haka a riƙa dubawa.

Kada a maye murfi da leda ko tsumma. Gobara ke nan.