Ciwon mara mai tsanani: Abin da ya kamata matan Wushishi su sani

A Wushishi da Zungeru, kamar sauran garuruwan Jihar Neja, idan budurwa ta kwanta tana murƙususu saboda ciwon mara, abin da take yawan ji daga manya shi ne ta yi haƙuri, da zarar ta yi aure ta haihu zai wuce. Ga wasu hakan na faruwa. Ga wasu kuwa, ciwon alama ce ta wata cuta da likitoci ke kira endometiriyosis, wadda aure da haihuwa ba sa warkar da ita.

Cutar na samuwa ne idan wata tsoka mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ta tsiro a wajenta, kamar a kan gidan ƙwai ko bututun mahaifa. Duk wata tsokar kan kumbura ta yi jini, amma jinin ba shi da mafita, sai ya haifar da raɗaɗi da tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na damun kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190.

Alamominta sun haɗa da ciwon da ke hana zuwa makaranta ko kasuwa, zafi yayin saduwa ko bahaya, jini mai yawa, da jinkirin samun ciki.

Ɗora gorar ruwan ɗumi a mara na rage raɗaɗi. Haka ma ibuprofen, musamman idan aka fara sha da zarar ciwon ya soma, bayan an ci abinci. Sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta guje shi. Yawan karɓar allurar kashe zafi a kyamis duk wata kuwa na ɓoye cutar ne kawai, wasu alluran ma jiki kan saba da su.

Wadda ciwonta ya ƙi jin magani ta fara da babban asibitin Wushishi, ta nemi a tura ta wurin likitan mata a Minna ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. Ta riƙa rubuta ranakun al'adarta da tsananin ciwon, domin hakan na taimaka wa likita. Hoton ciki ba ya nuna cutar a kowane lokaci.

Har yanzu ba a samu maganin da ke kawar da ita baki ɗaya ba, amma ana iya shawo kanta. Likita kan ba da ƙwayoyin daidaita sinadaran jiki irin na tazarar haihuwa, ko a yi tiyata ta ƙaramin rami a cire tsokar. Wadda ke neman haihuwa ta faɗa tun farko, domin hakan ne zai sa a zaɓa mata hanyar da ta dace.

Iyaye da mazaje su ne ke riƙe da kuɗin mota da izinin fita. Yarinyar da ke rasa darasi kwana biyu ko uku kowane wata, asibiti ya kamata a kai ta.