Shin Ko Kun San Ƙasar Da Ta Riƙa Kamun Kuɗi A Teku?

Shin ko kun san akwai ƙasar da tsibiranta sun kusa 1,200, amma in aka harhaɗa su wuri ɗaya ba su wuce murabba'in kilomita 300 ba? Maldibs ke nan, can cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Ita ce auta a duk nahiyar Asiya!

Ku ji tsawo kuma. Tsibiran sun jeru daga arewa zuwa kudu fiye da kilomita 800, kamar daga Kano zuwa Legas a miƙe. Kusan 200 ne kawai ke da garuruwa.

Babu kogi ko ɗaya. Babu tsauni. A duk duniya ba ƙasar da ta kai ta kwanciya: a matsakaici, mita ɗaya da rabi kacal ta ɗara teku. Shi ya sa a watan Oktoba na 2009 shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya kwashi ministocinsa, suka goya tukwanen iska, suka nutsa. A ƙarƙashin ruwa suka yi zaman majalisa! Da hannu ake magana, kifaye na gilmawa, suka sa hannu kan kira ga duniya ta rage hayaƙin da ke ɗumama ta.

Male, babban birnin fa? Tsibiri ne mai murabba'in kilomita biyu, da mutum sama da 100,000 a cunkushe. Wuri ya ƙare, sai suka yaso yashi daga gindin teku tun 1997, suka gina sabon tsibiri sukutum, Hulhumale.

To, ku gyara zama, ga babban labarin. Kun tuna wuri, ɗan farin ƙwanson nan da kakanninmu suka ci kasuwar Kurmi da shi? Mafi yawan ƙananan nan masu sheƙi daga Maldibs suka fito!

Ba haƙa, ba ƙira. Sai a shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa mara zurfi. Ƙananan halittun da ke cikin ƙwanson su hau su manne. A jawo ganyen, a zuba su a rami cikin yashi har naman ya ruɓe, a wanke. Shi ke nan, kuɗi sun samu! Ɗaruruwan shekaru ana loda su a jirage zuwa Bengal da Yaman, a dawo da shinkafa.

Kun san ribar da ke ciki? Matafiyin nan Ibn Battuta ya rubuta cewa a Maldibs dinari ɗaya na zinariya yana sayen wuri 400,000. Da ya iso Mali da Gawo, sai ya tarar dinarin nan wuri 1,150 kawai yake saye. Ku sake duba alƙaluman nan. Darajar ta ninka fiye da sau 300!

Daga baya jiragen Holan da Ingila suka riƙa cika cikinsu da wuri, su kai Turai, su juyo da shi gaɓar Afirka ta Yamma. Nan kam labarin ya yi ɗaci, don da shi aka sayi bayin Allah masu ɗimbin yawa aka tsallaka da su. Daga gaɓar ya yi ta haurowa har ƙasar Hausa. Da matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin dalar azurfa guda.

Shi Ibn Battuta ba wucewa kawai ya yi ba. Ya sauka tsibiran a 1343, aka naɗa shi alƙali, har ya yi aure a can. Ya kuma rubuta cewa mace ce ke kan gadon sarauta, Sarauniya Khadija. Bayan shekara goma, mutumin nan yana Takedda, cikin Nijar ta yau. Wannan ƙafa tasa, sai dai a ce barkalla!

Shin kun san addinin Buda mutanen ke bi kafin sarkinsu ya musulunta a 1153? Ibn Battuta ya ce wani mahaddacin Alƙur'ani daga Magrib, Abul Barakat al-Barbari, shi ne sanadi. Yau tsarin mulkinsu ya ce sai Musulmi ke zama ɗan ƙasa. Tsohon masallacin Juma'a na Male, na tsakiyar ƙarni na 17, da sassaƙaƙƙen dutsen murjani aka gina shi, yana nan tsaye.

Rubutunsu ma abin kallo ne. Sunansa Tana, daga dama zuwa hagu ake yin sa. Haruffa tara na farko kuwa, daga lambobin Larabci aka samo su, 1 zuwa 9!

Jiragen ruwansu kuwa, a da ko ƙusa ba a sa musu. Da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke katako da katako.

Kamun kifi fa? Ɗai-ɗai! Kifin tuna ba a zuba masa koma. Masunta su jeru a bayan jirgi, kowa da sanda da ƙugiya. A watsa ƙananan kifaye masu rai, a fesa ruwa. Tuna ya ruɗe ya cafki ƙugiya, a fizgo shi ta saman kai, ya faɗo cikin jirgi, ƙugiyar ta koma ruwa nan take. A ganina duniya na da abin koyo a nan, don ba a kwashe uwa da 'ya'ya a tashi ɗaya. Da safe kuma a dagargaza kifin da kankararriyar kwakwa, albasa da barkono, a ci da gurasa.

Turawan Fotigal sun mamaye Male a 1558, shekara 15 kawai suka yi, Muhammad Thakurufaanu ya fatattake su. Ingila ta karɓi ragamar kariya a 1887, aka sami 'yanci ranar 26 ga Yuli, 1965.

Yanzu baƙi ne arziƙin ƙasar. A 1972 aka buɗe masaukin shaƙatawa na farko, Kurumba. Tsarin shi ne tsibiri guda, otal guda. A 2024 masu yawon buɗe ido sun haura miliyan biyu, a ƙasar da mazaunanta ba su fi rabin miliyan da 'yan kai ba. Ku lissafa da kanku: kusan baƙo huɗu ga kowane mutum ɗaya!