Shirin Musamman: Wa Ke Riƙe da Ƙa'idar Haɗa Kwamfutoci?



Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, sana'ar ja wa kwamfutoci waya ta samu kasuwa. Matashin da ya koyo aikin zai gaya muku wayar nan mai silli takwas ba a jan ta fiye da mita 100, kuma kowane silli da gurbinsa gwargwadon launinsa kafin a matse kan. Ku tambaye shi wa ya kafa dokar, sai ya ce haka maigidansa ya koya masa.

To, a rubuce take. Ƙungiyoyin injiniyoyi ne suka tsara ta, kuma haƙƙin mallakar takardun yana hannunsu. Ƙa'idar shimfiɗa waya a gini, wato TIA-568 ta Amurka da ISO/IEC 11801 ta Janeba, sayar da su ake yi da kuɗin waje. Ina yaron da ke harhaɗa kuɗin data zai samo dala?

Amma kada gwiwarku ta yi sanyi, domin mafi yawan abin da mai koyo ke buƙata kyauta ne, kuma ta halastacciyar hanya. Takardun RFC, waɗanda aka gina intanet a kansu, tun na farko a 1969 ba a taɓa sa musu farashi ba. Mai lamba 791, ta shekarar 1981, ita ta fayyace yadda saƙo ke gane adireshin kwamfutar da aka aika shi. Ƙungiyar IEEE, mai ƙa'idar Ethernet da Wi-Fi, takan saki takardunta na rukunin 802 kyauta bayan wata shida da fitowarsu. Rajista kawai za ka yi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fara buɗe nata tun 2007.

Kwafin sata da ake turawa ta WhatsApp kuwa, ban da take haƙƙin mai shi, sau da yawa tsohon bugu ne da aka riga aka sauya. Mai aiki da shi yana iya ɓata ginin mutane bai sani ba.

Saura na kuɗin. A ganina nauyin makarantu ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi su tanadi halastaccen kwafi a ɗakin karatu, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sauƙaƙa wa ɗalibai. A Turai ma, ranar 5 ga Maris 2024, babbar kotunsu ta yanke cewa ƙa'idar da ta zama ɓangaren doka dole jama'a su karanta ta ba ko sisi.

Matasan Kebbe, ku fara da na kyautar tun yau, ku karanta da idonku.